Daga Rumbu Zuwa Akushi: Wane Sauƙi Ne Ke Ciyar Da Gida?



Kwanan baya mun ziyarci wani ajin yaƙi da jahilci a karkarar Maraɗi. Da aka tashi daga karatu sai hira ta ɓarke a inuwar bedi, har ta gangaro kan tukunya. Wani dattijo ya gyara zama ya ce matan yanzu sun manta da girki. In ji shi, a da in ka ci tuwo gida uku, miya uku ka sha, kowace da hannun mai ita. Yau kuwa daga Gaya har Gure miya ɗaya ce, duk ɗanɗanon magi. Wata mata daga cikin ɗalibai ta ajiye allonta ta ce: "Baba, Allah ya huci zuciyarka, ka taɓa riƙe taɓarya tun asuba har hantsi?" Aka yi dariya. Wata kuma ta ƙara da cewa: "Abin da ake ba mu na cefane ba ya sayen ko ƙashi. Wannan ɗan dunƙulen shi ke rufa mana asiri."

Mun dawo gida maganar tana cinmu. Dattijon bai yi ƙarya ba, amma matan sun fi shi sanin zafin murhu. Shi ya sa muka ga ya dace mu baje wannan magana a faifai. Mene ne girki tun daga tushe? Mene ne kayan sauƙi? A ina ya kamata mai gida da uwargida su ja layi?

Inda girki yake farawa

A biranen Turai, wanda ya sayo garin alkama a kanti ya kwaɓa da hannunsa, sai ya ce ya yi girki tun daga tushe. A wurinmu tushen ya fi nan nisa. Girki yana farawa ne daga damin da mai gida ya fiddo daga rumbu. Sai a yi sussuka, a sheƙe ƙaiƙayi. A yayyafa ruwa a surfa, a bakace dusa, a wanke, a shanya ya tsane. Sannan a koma turmi a daka, a tankaɗe, a mai da tsaki a sake dakawa. Duk wannan ba a ma hura wuta ba. In tuwo ne, ga talge, ga tuƙi, ga kwasa. In fura ce, a dunƙula, a dafa, a kirɓa, a dama da nono. Kafin nan an je rijiya, an je daji neman itace. Mace ɗaya ce ko biyu ke wannan hidima, sau da yawa da goyo a baya, wani lokaci da ciki a gaba, kuma da damina gona tana jiranta.

To duk wanda zai yabi girkin iyayenmu, ya fara da lissafin wannan wahala. Yarinyar da aka hana zuwa lakwal don ta taya uwarta daka, ita ma tana cikin kuɗin tuwon nan. Matar da ta makara ajin karatu saboda ba ta gama surfe ba, ita ma haka. Ba mu yarda da masu cewa wahala ce ke sa abinci albarka ba. Gumin mace ba ya ƙara wa gari komi.

Har yanzu akwai masu cewa garin inji ba ya kama na turmi, wai yana warin gazuwal. Wataƙila harshensu ya fi namu. Amma hatsin da ya shiga inji shi ne ya fito, kuma na gonarmu ne. Injin niƙa aiki ya ɗauke wa mace, bai ɗauke wa yaro abincinsa ba. Wannan shi ne irin sauƙin da muke goyon baya ba tare da wata-wata ba.

Kakanninmu ma sun nemi sauƙi

Mutane suna magana kamar kayan sauƙi da mota suka zo. A duba ɗakin kowace tsohuwa. Garin kuka mene ne, in ba ganyen da aka tanada don a kaɗa miya cikin ɗan lokaci ba? Ga busasshiyar kuɓewa, ga kauɗar tumatir, ga gabu da ake yi da ganyen albasa, ga yaji, ga ƙuli-ƙuli, ga kilishi, ga cuku na makiyaya. Matan Arewa, wajen Dogon Dutsi, suna da beruwa: garin wake ne ake murzawa, a turara, a shanya, a ajiye shi watanni, ranar da ake so a dafa shi nan da nan. Daudawa kanta ita ce dunƙulen miya na farko a ƙasar nan. Ana dafa kalwa wuni guda, a cire ɓawo, a sake dafawa, a rufe ta kwana 2 ko 3 har ta ruɓa yadda ake so, a kirɓa, a shanya. Inda ɗorawa ta yi ƙaranci, kamar yawancin ƙasarmu, mata suka koma ga gurguzun yakuwa suka yi daudawar batso. Aikin kwanaki ne, amma mace ɗaya ke yi ta sayar wa unguwa duka, kowa ya huta.

Ashe ke nan gardamar ba tsakanin wahala da hutu take ba. Sauƙi iri biyu ne. Akwai wanda ke rage aiki ya bar abincin yadda yake. Akwai kuma wanda ke rage aiki ya tafi da abincin, ya bar wa baki ɗanɗano, ya bar wa ciki nauyi, jiki kuwa bai samu rabonsa ba. Wanda ya gane wannan bambanci ba zai ruɗe a gaban teburin mai kanti ba.

Ɗan dunƙulen da ya mamaye tukunya

Bari mu daɗe kaɗan a kan magi, tunda shi ya tada hirar. Sunan wani mutumin ƙasar Suwis ne, Julius Maggi, wanda kamfaninsa ya fito da dunƙulen a shekarar 1908. Yau iri-iri ne a kasuwa, amma duk magi muke ce musu.

Da farko mu wanke shi daga abin da bai yi ba. Ana yaɗa maganganu da yawa cewa guba ne. Ba guba ba ne. Sinadarin da ke ba shi wannan daɗi, shi ne dai ke cikin tumatir nunanne, shi ne kuma ke fitowa a cikin daudawa idan ta ruɓa. Da yawa daga cikin dunƙulen ana yin su da gishiri mai iyod, wanda ke kare mutum daga maƙoƙo, wasu ma ana ƙara musu sinadarin ƙarfe mai gina jini. Wannan alheri ne, ba mu ɓoye shi ba.

Laifinsa biyu ne. Na farko gishiri. Kusan rabin dunƙule gishiri ne tsantsa. Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a wuni, wato abin da bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Babban dunƙule mai giram 10 shi kaɗai yana ɗauke da kimanin wannan rabo na mutum guda. Mu yi lissafi irin na aji. Gida mai mutum 10, an jefa dunƙule 4 a miya, gishiri giram 20 ke nan, kowa ya samu giram 2. In an girka sau biyu, giram 4. Ba a sa gishirin da uwargida ta barbaɗa da hannunta ba, ba a sa na yajin da aka daka da magi ba, ba a sa na ƙosai da tsiren da aka ci a kasuwa ba. Gishiri mai yawa yana tada hawan jini, hawan jini kuma ba ya sallama. Mutum yana tafiya garau, rana ɗaya sai a ji ɓarin jikinsa ya shanye, ko zuciya ta gaza, ko ƙoda ta lalace. A ƙauye sau da yawa sai a ce iska ce ta buge shi.

Laifi na biyu ya fi ɓoyuwa, kuma shi ya fi damunmu. Dunƙule yana iya sa ruwan zafi da ɗan garin kuka su yi ɗanɗanon miyar nama. Baki ya yarda, mai gida ya yi hamdala, alhali babu nama, babu kifi, babu wake, babu ko ƙuli-ƙuli a ciki. A da, in miya ta yi lami, kowa ya san cefane ya gaza, mai gida ya ji kunya ya ƙaro. Yanzu ɗanɗano ya rufe ramin. Matar nan da ta ce yana rufa musu asiri ta faɗi gaskiya. Sai dai asirin da ake rufewa shi ne cewa yara ba su ci abin da zai gina su ba.

Ba mu ce daudawa ita kaɗai za ta ƙosar da yaro ba, don kaɗan ake sawa. Amma abin da ke cikinta mai gina jiki ne, tunda daga ƙwaya ta fito, kuma kuɗinta a hannun maƙwabciya yake tsayawa. A ce dunƙule dala 5 ne, gida yana cin 4 a wuni. Dala 20 ke nan kullum, jikka 3 a wata, jikka 36 a shekara. Ko rabin wannan aka juya wajen daudawa da busasshen kifi da ƙuli-ƙuli, za a ga canji a tukunya. Shawararmu ba a jefar da magi ba ce. A rage. Inda ake sa 4 a koma 2, kuma ranar da aka sa shi a janye hannu daga gishiri. Harshe yana sabawa cikin ƴan makonni.

Mu sayar da wake, mu sayo taliya

Ma'aikatan lafiya sun daɗe suna koya mana cewa abinci kashi uku ne: mai ba da ƙarfi, mai gina jiki, da mai kare jiki daga cuta. Hatsi da dawa da shinkafa da mai suna ba da ƙarfi. Wake da gujiya da nono da ƙwai da nama da kifi suna gina jiki. Ganyaye da ƴaƴan itatuwa suna karewa. A ɗauki kwanon taliya da mai da yaji a auna shi da wannan ma'auni. Ƙarfi ne kawai a ciki. Haka farar shinkafa da mai, haka garin rogo da sukari, haka ƴar taliyar leda da yara ke so, wadda ke nuna kafin a ƙifta ido, ga ta da ƙunshin gishirinta. Ba mu ce haramun ba ne. Ranar da baƙo ya sauka da dare, ko uwargida ba ta da lafiya, ko itace ya jiƙe, taliya tana fid da mutum kunya. Abin tsoro shi ne ta zama abincin kullum, ba ƙwai, ba wake, ba ganye.

A nan ne abin mamaki yake. In ban da Najeriya, babu ƙasar da ta kai Nijar noman wake a duniya. Kusan kashi 1 cikin 4 na nauyin wake abin gina jiki ne, farar shinkafa kuwa ba ta wuce kashi 7 ko 8 cikin 100 ba. Hatsinmu ma ya fi farar shinkafa sinadarin ƙarfe nesa ba kusa ba. Amma da kaka, lokacin da wake ya fi arha, sai mu auna shi duka mu ba ɗan kasuwa ya haye iyaka da shi. Bayan wata 3 mu dawo wurin ɗan kasuwar nan mu sayi taliyar da aka yi da alkamar wata ƙasa. Mun sayar da mai gina jiki da arha, mun sayi mai cika ciki da tsada.

Binciken da aka yi a ƙasar nan a 2022 ya nuna kusan rabin yaran da ba su kai shekara 5 ba, tsawonsu bai kai na shekarunsu ba saboda tamowa mai daɗewa. A jihohin Maraɗi da Damagaram abin ya fi haka, alhali su ne rumbun wake da gujiya. Ba za mu ɗora wa kanti wannan laifi duka ba. Talauci yana ciki, zawo da zazzaɓin cizon sauro suna ciki, haihuwa kusa da kusa tana ciki. Amma yaron da ubansa ya noma buhu 10 na wake, bai kamata ya shekara bai ga wake a kwanonsa ba sai ranar kasuwa.

Akwai kuma maganar dogaro. Manya suna tune da watan Janairu na 1994, lokacin da aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, kayan waje suka tashi dare ɗaya. A 2022 yaƙin Ukren ya tada kuɗin alkama a duniya. A 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ƙungiyar CEDEAO ta rufe iyakoki, kuɗin shinkafa ya hau, aka ɗage takunkumin a Fabrairun 2024. Kowane karo, gidan da tukunyarsa ta rataya ga jirgin ruwa da babbar mota shi ya fara jin jiki. Mai rumbu da ɗan lambu ya ji, amma bai ji kamarsa ba.

Na gida ma yana da nasa

Kada a ce mun zo yabon gargajiya ido rufe. Kowa ya san gujiyar da ta yi fumfuna, mai ɗaci, wadda ake warewa daga ta sayarwa. Ina take zuwa? Sau da yawa cikin ƙuli-ƙuli da tunkuza na gida. Wannan fumfuna tana fid da dafin da ke lalata hanta, yana kuma tauye girman yaro, wuta ba ta kashe shi. A zubar da ita, kada a ba ko dabbar da ake tatsa. Furar da aka dama da ruwan tabki, ko aka bari a buɗe ƙudaje suna sauka, zawo ce ake sha ko da da hannu aka daka ta. Kanwa tana saurin nunar da wake, amma yawanta yana kashe wasu bitamin, kuma ita ma danginta ɗaya da gishiri. Tun cikin shekarun 1970 likitocin Zariya, a Najeriya, suka lura cewa kunun kanwa mai yawa da wankan ruwan zafi suna da hannu a ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Gishirin gargajiya na Bilma da na Foga yana da daɗi, sai dai ba a sa masa iyod in ba an yi da gangan ba. A wannan wuri na leda mai hatimi ya fi. Surfe ma in ya yi yawa, alherin hatsi yana tafiya cikin dusa, awaki su ci, mu mu ci saura.

Babban kuskurenmu kuma shi ne kunun yara. Ana dama shi tsararo don ya wuce maƙogwaro, cikin yaro kuwa ƙarami ne. Ya cika da ruwa, ya yi barci, uwa ta ɗauka ya ƙoshi. Wannan kunu tun daga tushe aka yi shi, da hatsin gona, amma bai ishe shi ba.

Ga amfanin karatu

Ku da kuke zuwa aji, kuna da makamin da iyayenmu ba su da shi. Duk abin da aka ƙunsa a leda ko gwangwani, akwai rubutun abin da ke ciki, kuma ƙa'ida ita ce a fara rubuta abin da ya fi yawa. Yawanci da Faransanci ne, amma kalmomi 3 sun isa a fara da su. "Sel" gishiri ne. "Sucre" sukari ne. "Amidon" sitaci ne, wato gari. A juya takardar magi a ga kalmar farko. A juya gwangwanin tumatir a duba, don akwai waɗanda aka cika da gari da sukari da launi, tumatirin kaɗan ne. Madarar gari mai arha da ake aunawa a leda, da yawa an cire mata man nono an maye shi da man itace. Madarar gwangwani mai kauri kuwa kusan rabinta sukari ne, ba abincin jariri ba ce ko kaɗan. Jariri nonon uwa kawai yake bukata har wata 6, ko ruwa ba ya so. A duba kuma ranar lalacewa, lambobi ne kowa ya iya karantawa. Gwangwanin da ya kumbura ko ya yi tsatsa, a bar wa mai kanti abinsa.

Maganarmu da masu gida

Yanzu mu juyo gare ku, ƴan uwa maza, don rabin wannan magana taku ce. Ba daidai ba ne mutum ya miƙa tiyar hatsi da ƴan daloli, ya dawo da dare yana neman miya irin ta mahaifiyarsa. Mahaifiyarsa tana da kuka a bayan gida, da ɗorawa a gona, da saniya a turke. Wanda ke son miyar daudawa ya ba da kuɗin daudawa. Wanda ba ya son taliya ya biya kuɗin niƙa, ya kawo itace a amalanke, ya sayi murhu mai tsimin wuta irin Mai Sauƙi, ko a gina na laka. Hayaƙin madafa ma cuta ne, yana cin ƙirji da idanun mai girki da na goyonta.

Da kaka, kafin a kira mai awo, a ware na gida. Dalilin da ake kawowa shi ne ƙwari suna cinye wake. Wannan dalili ya rage ƙarfi tun da aka samu buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS, wanda masanan INRAN na Maraɗi suka yi aiki a kansa tare da wata jami'ar Amurka. In waken ya bushe sosai, aka ɗaure kowane ruɓi dam, ƙwarin suna mutuwa don rashin iska, ba sai an sa magani ba. Buhu 1 ko 2 na wake, da buhun gujiya, su ne naman talaka har damina ta kewayo. Masu neman iri su tambayi malamin gona labarin hatsin Chakti, wanda aka fitar a Nijar a 2018 da aikin cibiyar ICRISAT. Yana saurin nuna, kuma ya fi hatsin da muka saba da shi sinadarin ƙarfe.

A jikin darni a dasa zogale, ruwan wanke-wanken da ba sabulu ya ishe shi. Masu garka a Jiratawa da Ƙonni da Galmi da Mirya sun san lokacin da tumatir da albasa ke zubewa ba mai saye. Wannan ne lokacin yanka da shanya. Ganye kuwa, ko zogale ko yakuwa ko rama ko tafasa, a inuwa ake shanya shi, a kan tabarma mai tsabta, don rana tana cinye bitamin A da ke kare ido daga dundumi. Wata dabara kuma: tsami irin na lemo da ƴaƴan kuka yana taimakon jiki ya ɗauki ƙarfen da ke cikin hatsi da wake, shayi mai ƙarfi kuwa yana hanawa in an sha shi a kan abinci. Mai ciki ta jinkirta shayinta.

Mu yi namu kayan sauƙi

Ga abin da muke ganin ya fi komi amfani. Tunda lokaci ne matsalar mace, to a yi aikin kwana 20 a rana ɗaya. Garin kunun yara shi ne misali. Akwai wanda ake kira Misola, da aka fara a Burkina Faso cikin shekarun 1980, ana kuma yin sa a Nijar, da hatsi da waken soya da gujiya. Ana iya bin sawunsa a gida da waken da muke da shi. A ɗauki awo 3 na hatsi, awo 1 na wake, rabin awo na gujiya mai kyau. A tsince, a wanke, a shanya. A soya kowane dabam a busasshiyar tukunya har ya yi ƙamshi, kada ya ƙone. A cire ɓawon wake da na gujiya, a haɗa, a kai inji, a tankaɗe, a zuba a mazubi mai murfi a wuri busasshe. Kada a yi fiye da na mako 2 ko 3, don man gujiya yana sauya wari. Idan za a ba yaro, daga wata 6 zuwa sama, a dama da ruwa mai tsabta, a tafasa sosai, a bar shi da kauri yadda ba zai zube daga cokali da sauri ba. A ƙara ɗan garin zogale in akwai. A ci gaba da ba shi nono.

Wake ma in an jiƙa shi tun dare, aka zubar da ruwan, ba ya cin itace kamar da, ba ya bukatar kanwa mai yawa, kuma ba ya kumbura ciki sosai. Kayan miya ana iya daka na mako guda: daudawa, busasshen kifi, gabu, kauɗa, citta, tafarnuwa. Cokali 2 a tukunya, ga dunƙulen gida ya samu, kuma an san abin da ke cikinsa.

Wannan aiki ya fi daɗi a cikin taro. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da suka faro a jihar Maraɗi a 1991, sun nuna cewa mata suna iya tara kuɗi su juya shi da kansu. Ƙungiyar da ta iya riƙe asusu za ta iya yin garin kunu da beruwa da daudawa ta sayar a ƙananan ƙulli, daidai aljihun mai dala 5 da mai dala 10. Abin da ya sa magi ya ci kasuwa ke nan: yana nan kusa, ƙarami ne, kuɗinsa kaɗan, ba ya lalacewa. Kayanmu ma in an ƙulla su haka, da tsabta, a ajiye su a teburin bakin hanya, za su samu masu saye. A Yamai da Damagaram an riga an ga mata suna sayar da garin fura da dambu da beruwa a leda, matan ma'aikata suna saye.

Kafin mu bar garin nan, matan ajin sun ce za su gwada garin kunu bayan girbi, kowace ta kawo awonta, su soya tare a gidan shugabarsu. Dattijon nan ya yi alkawarin tiya 2 ta wake daga gonarsa, aka ce masa kuɗin niƙa ma yana kansa, ya ce ya ji. Malamar ajin ta rubuta awon a allo, ɗalibai suka kwafa a littafinsu. Mun ce musu za mu koma in sanyi ya shigo, a gwada nauyin yaran a gidan likita a gani.